Ɗorawar Tasalla da Raɗar Waziri

Can a zamanin da, an yi wani Sarki da ya gaji da sauraron ƙararraki, sai ya kafa doka: kada Alƙali ya yanke hukunci sai Waziri Gwadabe ya raɗa masa a kunne tukuna, raɗar nan kuwa maganar Sarki ce.

Ba a yi wata guda ba, Waziri ya ƙyalla ido kan itatuwan ɗorawa bakwai na Tasalla mai daddawa, waɗanda mijinta ya mutu ya bari, da su take ciyar da marayu huɗu. Wai suna yi wa gonarsa inuwa, saboda haka nasa ne. Tasalla ta ci ɗamara, sai gaban Alƙali Sammani, ranar da ake shari'a a ƙofar fada, Sarki na can kan karaga.

Shaidu uku suka tsaya mata. Waziri ya sunkuya ya yi raɗa. Tasalla ta ga gumi ya keto wa Alƙali, ta yi wuf ta miƙe.

"Allah gafarta Malam, dakata! Raɗar nan ta wa ce?"

Waziri ya ce, "Maganar Sarki ce, ke 'yar daddawa. Zauna!"

"Madalla! Ni dai tun da na yi wayo ban taɓa jin maganar Sarki ta fita ba sai ta bakin Sanƙira, kowa na ji. A kaina za a fara? Ina Sanƙira?"

Fada ta ɗauka, "Al'ada ce! Al'ada ce!" Sarki ya gyaɗa kai. Alƙali ya maimaita wa Sanƙira raɗar, Sanƙira ya buɗe maƙogwaro:

"Sarki ya ce a ba Waziri ɗorawa, ko Alƙali ya kwana ba rawani!"

Sarki ya zabura. "Ni? Yaushe na faɗa?"

Waziri ya zube yana tuba. Nan take Sarki ya soke dokar, ya tuɓe Waziri, ya dubi Tasalla ya ce, "Baiwar Allah, na ba ki itatuwanki."

Ta durƙusa. "Ranka ya daɗe, na gode, amma ban karɓa ba. Abin da ka ba ni yau, gobe kana iya karɓewa. Ni shari'a na zo. Malam ya yanke."

Sarki ya ce, "Alƙali, wuri naka ne."

Alƙali Sammani ya share gumi, ya gyara zama, ya yanke da bakinsa: itatuwa na Tasalla ne.