Ƙoƙon Ɗan Fari

An ce wani sarki ya yi zamani yana alfahari da cewa shari'a ba ta kwana a gabansa. A garinsa akwai wata mata, Tabawa, wadda wani falke mai suna Sallau ya saka, ya bar mata ɗansu Ishaƙa, mai shekara biyar. Da Sallau ya tashi ƙaura zuwa wata ƙasa mai nisa, sai ya kai ƙara fada yana neman yaron. Ya ce uwar ba ta ƙaunarsa, tana barinsa da yunwa, ko sunansa ba ta kira.

Zancen yunwa da rashin ƙauna ƙarya ce tsagwaronta, amma ina mutum zai samo shaidar abin da bai aikata ba?

Sarki ya ce, "Ke, kira ɗanki da sunansa, ki rungume shi mu gani."

To, Ishaƙa ɗan fari ne, kuma 'yar mutunci ba ta ambaton sunan ɗan farinta, balle ta rungume shi gaban dattawa. Tabawa ta buɗe baki, kunya ta hana ta. Da ƙyar ta ce, "Ranka ya daɗe, yaron nan... Allah ne shaidata."

Sarki ya murtuke fuska, ya miƙa yaron ga ubansa. Washegari ayari ya tashi.

Kwana uku Tabawa ba ta hura wuta ba. Ran na huɗu ta ɗauki ƙoƙon da yaron ke shan kunu da shi, wanda ya tsage, ta kai wa Baba Nomau, wani tsoho mai ɗinkin ƙwarya. Ya tambaye ta na wane ne, ta ce, "Na yaron nan ne," sai kuka ya ƙwace mata. Da tsoho ya ji labarin, ya ajiye basilla ya ja ta har fada.

Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Ya sarki, wane ruwa ne ba a ganinsa, alhali gari duka na sha?"

Sarki ya ce, "Na ƙasan rijiya."

"Madalla. Kai ɗan fari ne. Sau nawa mahaifiyarka ta kira sunanka?"

Sarki ya ce, "Ko sau ɗaya. Har ta rasu ina zaton ba ta sona."

"Ya sarki, sau goma sha ɗaya ta kawo mini wani ɗan ƙoƙo ina ɗinkewa, na ƙarshe kana bisa gadon sarauta. Kullum cewa take, na yaron nan ne. Ga wata ta kawo irinsa yau."

 Nan take sarki ya tura mahaya su bi ayari. Tabawa ta tare a ƙofar gari, kwana bakwai, ƙoƙo a cinya. Mahaya suka dawo dawakai na haki, suka ce ayari ya riga ya haye kogi, ya fita daga ƙasar sarki.

Sai Tabawa ta miƙe gaban sarki da fadawa da 'yan kallo da suka taru a ƙofar gari, ta fuskanci hanya, ta ƙwala kira iyakar muryarta, "Ishaƙa! Ishaƙa!" Ba wanda ya amsa.

Sarki ya rufe fuska da gefen rawaninsa, ya ce, "Baba, ba ita na hukunta ba, uwata na hukunta. Mai shari'a in ya hau karaga da tsohon ciwonsa, marar laifi ne zai ji zafin."