Iskar da Hajiya Mabruka Ta Saya

Abin ya fara ne ranar Asabar, sha biyu ga watan Agusta na shekarar 2023, da ƙarfe goma da kwata na safe, a gidan Hajiya Mabruka da ke Mandawari. Katanga ɗaya ce ta raba gidana da nasu. Kakanninta fatake ne da suka ƙetaro sahara da turare da alharini, ita ma da sayar da turare ta riƙe gidan. Mace ce mai kyauta, ba ta iya barin maƙwabci ya kwana da yunwa. Aibinta guda ne: in ta furta magana, ba ta janye ta, ko da kowa ya taru.

Wannan hali yana da tushe. Lokacin korona numfashi ya gagari mijinta, Alhaji Ibrahim, aka rasa gado a asibiti. Ta sayo tukunyar iskar oksijin, ta yi jinyarsa a ɗaki da hannunta, ya miƙe, har ya ƙara shekara biyu kafin Allah ya karɓi abinsa. Tun daga nan take cewa, "Likita karatu ya yi, ni kuwa gani na yi."

Daminar nan ciyawa ta fito a kan soron gidan, saiwarta ta huda rufin ƙasa, ɗakin Hajiya ya fara yoyo. Ɗanta na fari, Abdulrahman, ya sayo maganin kashe ciyawa a jarka. Da zai juye shi cikin injin feshi, sai ya zura tiyo ya zuƙa da baki, yadda ya saba yi wa man janareta. Kurɓi ɗaya ya wuce masa maƙogwaro. Ya tofar, ya kurkure baki, yana dariya.

Matarsa Bushra ta ga shuɗin abin a gemunsa, ta ce, "Umma, mu tafi asibiti yanzu."

Hajiya ta ce, "Don kurɓi ɗaya? Kawo manja da madara."

Aka ɗura masa, ya yi amai. Hajiya ta nuna ƙasa ta ce, "To ga dafin nan ya fito. Sai a ba mu lafiya."

Washegari da la'asar bakinsa ya saluɓe, ko ruwa ba ya haɗiyuwa. A lokacin ne aka ɗauke shi zuwa asibiti, har da jarkar, Bushra ta roƙe ni na bi su.

Likitar da ta karɓe mu, Dakta Rukayya, ta karanta jikin jarkar, ta zaunar da mu. Ta ce sunan dafin farakwat. Da an zo jiya da hantsi, da an ba shi garin gawayi na asibiti ya tsotse shi tun yana ciki. Yanzu ya shiga jini, kuma huhu yake nufa. Can yake taruwa, yana kashe ƙananan ƙwayoyin halittar da ke karɓar numfashi, inda ya kashe kuma sai wurin ya yi tauri kamar ƙirgi.

Na ce, "Likita, akwai makarinsa?"

Ta ce, "Baba, ba zan yi maka ƙarya ba, babu. Akwai magungunan da muke bayarwa don su rage kumburi, su kare abin da ya rage na huhun. Wasu suna tashi, musamman wanda ya sha kaɗan. Da yawa ba sa tashi. Abu ɗaya nake roƙo: kada a sa masa oksijin sai mun ga babu makawa. Wannan dafin da iskar yake aiki. In an ƙara masa ita, kamar an yi wa garwashi fifita ne."

Hajiya ta kawar da kai.

Aka fara magani. Bakin ya fara warkewa, ya sha kunu, har ya ce da ni, "Baba Shehu, ciyawar ta ci ni da yaƙi, amma a gaya mata ina nan dawowa." Da sati ya zagayo sai numfashinsa ya fara gajarta. In ya je banɗaki ya dawo, sai ya dafa gado yana haki. A gadon da ke kusa da nasa kuwa akwai wani dattijo da abin iska a hanci, yana barcinsa lafiya lau.

Hajiya ta tare likitar a bakin ƙofa.

"Wancan ɗan wa ne da aka ba shi, nawa ɗan wa ne da aka hana shi?"

"Hajiya, ciwonsu ba ɗaya ba ne. Ina auna jininsa safe da yamma. Iskar da ke jikinsa tana isar sa tukuna."

"Tana isar sa? Dube shi! Ke kin taɓa haihuwa?"

"Na haihu, Hajiya. Da nawa ne a gadon nan, haka zan yi masa."

"To nawa ba naki ba ne. Ina da tukunyata a gida. Uban yaron nan da ita na tashe shi, lokacin da ire-irenku suka ce a koma da shi."

Ban taɓa jin Bushra ta ɗaga murya a gaban surukarta ba sai ran nan. Ta tsaya a gaban gadon ta ce, "Umma, ki yafe mini, amma Baban Ikram ba zai fita daga nan ba. Ranar farko na bi maganarki. Yau ba zan bi ba."

Hajiya ta dube ta daga sama har ƙasa. "Sannu, uwar gida. Kafin ki san shi, ni na goya shi."

Na sa baki na ce, "Hajiya, a bar wa masu aikin aikinsu."

Ta ce, "Malam Shehu, bokonka na mishan ya kai ka ofis, bai kai ka ɗakin jinya ba."

Likitar ta ce mara lafiya yana cikin hankalinsa, shi zai zaɓa. Abdulrahman ya dubi matarsa, ya dubi uwarsa. A hankali ya ce, "Bushra, yi haƙuri. Ban taɓa ce wa Umma a'a ba. Ba a gadon asibiti zan fara ba."

Aka mai da shi gida, aka ajiye magungunan, aka buɗe tukunya. Dole in faɗi gaskiya: a ranar ya ji daɗi. Hakin ya lafa, ya yi barci. Hajiya ta aiko a kira ni, ta ɗaga labule ta ce, "Zo ka gani da idonka, sai ka kai wa likitarku labari."

Kwana uku aka yi a haka. Daga nan hakin ya dawo, ya fi na da. Hajiya ta ƙara buɗe iskar. Ya ƙaru, ta ƙara. Da leɓɓansa suka yi baƙi, Bushra ba ta nemi iznin kowa ba, ta kira ƙaninsa Nazeer suka sa shi a mota.

Dakta Rukayya ta duba hoton ƙirjin, ta daɗe tana kallo. Sannan ta ɗauko abin iskar da kanta ta ɗaura masa.

Hajiya ta ce, "Au! Yanzu kin yarda ke nan?"

Likitar ta ce, "A'a, Hajiya. Yanzu babu abin da ya rage da iskar za ta ɓata. Don ya sami sauƙi ne kawai."

Abdulrahman ya rasu ranar Juma'a, bayan an sauko daga masallaci. A zaman makoki Hajiya ta zauna ƙyam, idonta a bushe, duk wanda ya yi mata gaisuwa sai ta ce, "Kwanansa ne ya ƙare." Wannan gaskiya ne, kuma ba wanda zai rantse cewa da ya zauna a asibiti da ya tashi. Amma ƙofar tsira ta ɗan rage a buɗe, sai aka tura ta aka rufe.

Waɗanda suka rage su ne: Hajiya Mabruka, wadda ba ta ƙara ambaton jinya ba; Nazeer, da ya karɓi shagon turaren gidan; Bushra, wadda ta gama takaba ta koma gidansu a Gwammaja; 'yarsu Ikram, mai shekara bakwai; ƙanwarta Fatima, mai huɗu; da jaririn da Bushra ta haifa bayan rasuwar, aka mayar masa da sunan ubansa.

Darasi: Abin da ya yi maka rana jiya ba lalle ne ya yi maka yau ba, domin kowace cuta da hanyarta. Wanda ya haɗiyi maganin feshi, ko da ɗigo ne, a kai shi asibiti nan take tare da mazubin, kada a tsaya manja da madara. In masani ya hana ka abin da kake ganin alheri ne, ka tambayi dalili, ka saurara. Biyayya ga iyaye wajibi ce, amma iyaye su ji tsoron Allah a kan abin da suke umartar ɗan da ba zai iya ce musu a'a ba.