Jatau na Ƙarfe

Ga ta nan, ga ta nanku, ku gyara zama.
Ta zo mu ji ta.

A wani gari an yi wani maƙeri, Tanko, da yayansa Jatau. Jatau ke zuga, Tanko ke dukan ƙarfe. Ba su cika magana ba. Da Jatau ya ga launin ƙarfe a wuta, ya san lokacin sassauta hannu. Sai ajali ya ɗauke Jatau.

Tanko ya rufe maƙera. Damina ta matso, manoma na zuwa neman garma suna komawa hannu wofi. Shi kuwa yana zaune yana kallon fatar da yayansa ke zama a kai.

Sai Gizo ya zo ta'aziyya. Ya ce mai hannu irin na Tanko bai kamata kewa ta kashe shi ba, ya ƙera Jatau da ƙarfe mana, shi zai riƙe masa zuga. Sai Tanko ya hura wuta. Ya fitar da faɗin kafaɗar, da wushiryar, har tabon ƙuna na babban yatsa. Ya ɗauko tsohon zugazugin Jatau, ya hura wa ƙarfen sauran iskar da ke ciki a hanci. Sai ƙarfe ya motsa, ya hau fata, ya kama zuga.

Da yamma Tanko ya ajiye masa tuwo. Gizo ya lallaɓo ya cinye. Tanko ya ga kwano fes, ya ce a ransa yayansa ya dawo.

Washegari ya sa garma a wuta. Ta yi ja, ta yi fari.

"Yaya, sassauta."

Zuga ba ta tsaya ba, garma ta ƙone. Ya sa gatari, shi ma ya ƙone. Sai ya sa lauje, ya sunkuya kusa da kunnen ƙarfen.

"Yaya, dubi launin nan fa. Kai ka koya mini shi."

Lauje ya zube a toka. Tanko ya ɗaga kai ya ga idanun da ya ƙera ba wuta suke kallo ba, ba kuma shi ba. Ya waiwaya, sai ga Gizo a bayan buhun gawayi, hannu dumu-dumu a kwanon tuwon rana da aka ajiye wa Jatau.

"Na ga ba ya ci ne, maigida, kada ya lalace."

Tanko ko zaginsa bai yi ba, ya dai nuna masa zugazugi. Ya rungume Jatau na ƙarfe, ya yi kukan da ya kasa yi ranar jana'iza. Sannan ya kwantar da shi a wuta a hankali, yana faɗa wa Gizo da baki lokacin sassautawa. Ya mai da shi garmuna, kowane gida ya samu ɗaya.

Da ruwa ya sauka, Tanko yakan bi ta gefen gonaki a hankali, yana sauraron garma tana shiga ƙasa. In an tambaye shi ina za shi, sai ya ce gaisuwa ya fito.

Ku riƙe wannan: hannu yana iya ƙera kamannin wanda aka rasa, amma ba ya ƙera wanda zai dube ka ya gane.

Kurunkus, wuta ta kwanta a toka.