Ƙwallon Tagulla Mai Taurari a Juye

Yaya Delu, ga ta nan ga ta nanki. Tunda ba za ki amsa ba, bari in amsa miki: ta zo mu ji ta.

A wani daji, uwar Bushiya ta rasu, ta bar mata gado guda: tsohon ƙwallon tagulla, an zane taurarin sama kaf a jikinsa. Fatake suka yar da shi tun zamanin kakanni.

Sai dabbobi suka zo gaisuwa. Kura ta ce ƙwai ne, ta gatsa, haƙori ya fita. Ta ce, "Bai dahu ba."

Jimina ta hau ta kwanta a kai. Ta tashi ta ce, "Baragurbi ne."

Sai Dila, malamin daji, ya jira magariba. Ya dubi sama, ya dubi ƙwallo. Ya ce, "Ga taurarin nan, Kaza da 'ya'yanta, amma a juye. Na dama ya koma hagu. Bahago ne ya zana. Gobe a kai maƙera a narkar, a yi wa Kura haƙori."

Kura ta ce, "Allah ya ƙara wa Malam sani."

Bushiya ta ce, "Na Inna ne fa."

Dila ya ce, "Inna ta gama tauna, yarinya."

Sai Bushiya ta gara ƙwallo, ta tafi neman mai shaida. Mujiya ta ce ba ta buɗe ido ba tukuna. Jemage ya ce, "Ni komai a juye nake ganinsa, ki fitar da ni." Sai ta iske tsohon Raƙumi.

Raƙumi ya ce, "Kakana ya ɗauko shi. Sama ƙwarya ce da aka kife a kanmu, mu cikinta muke gani. Mai zanen nan bayanta ya zana, yadda na waje ke gani."

"Baba, su wa ke waje?"

Raƙumi ya daɗe yana tuƙa. Ya ce, "Waɗanda suka fita."

Bushiya ta koma gida, ta naɗe jikinta a kan ƙwallo, ƙaya a waje. Da safe Kura ta kawo baki, ta koma da hanci cike da ƙaya. Dila ya duba, ya ce ashe tagulla ba ta dace da haƙori ba. Har yau Kura da giɓinta take dariya.

Abin da kuka gani a juye, ku tambayi inda aka tsaya aka kalle shi, kafin ku kai maƙera.

Ƙurunƙus, kan Kura mai giɓi.

Yaya, na ga irin ƙwallon nan a rumfar wani mai tsoffin kaya, shi ya yi mini bayani. Tun daga ranar, idan Kaza ta fito, hannun hagu nake ɗaga miki, tunda ke ma kin fita, don ki gan shi a dama. Ban faɗa wa kowa ba tukuna.