Idon Jirgin Bagudu

Ku matso kusa. Kai mai rediyo, kashe shi. Wannan ba a bakin wani na ji ta ba, ina cikin jirgin, har hulata ta tafi a ruwa. Kuma har yau kaina bai warware ba.

A tsibirinmu na Gungun Maje, can ƙasar Yawuri, akwai wani dattijo, Bagudu, mai babban jirgin katako da ke ƙetarar da mu kasuwa. Shekara arba'in yana tuƙi. Kallon ruwa kawai yake yi ya san inda tudun yashi ya kwanta. Sai ido ya fara yi masa hazo. Sau biyu jirgin yana hawa yashi, mutane suka fara gudunsa. Ya tara 'ya'yansa uku ya ce, "Duk wanda ya sa wa jirgin nan ido a cikinku, nasa ne, da shi da injinsa."

Babban, Arzika, ya yi aiki a jiragen teku can Kudu. Shi ya zo da wata na'ura mai auna zurfin ruwa: wani dunƙulen ƙarfe kamar kan muciya, da waya, da ɗan allo mai nuna lamba. Ya ce sai an huda gindin jirgi an zura ƙarfen, fuskarsa na kallon ƙasan kogi. Jama'a, a huda jirgi don kada ya nutse! Gari ya ɗauka Kudu ta taɓa masa kai. Bagudu ya ce, "Ban gane ba, amma a huda."

Na biyun, Nomau, kafintan jirgi ne. Arzika ko ƙusa bai iya bugawa ba, don haka Nomau ne ya karɓi aikin. Aka jawo jirgi tudu. Ya ƙwanƙwasa katako ɗaya bayan ɗaya, ya kauce wa mahaɗa, ya huda daidai kaurin ƙarfen, ya ɗaure, ya cusa auduga ta yadda ko ɗigo ba zai wuce ba. To, ga inda aka yi ta. A wurinmu ba a mayar da jirgi ruwa sai an shafe gindinsa kaf da kwalta. Nomau ya shafe, har da fuskar ƙarfen, ya ma ƙara mata hannu biyu don kada tsatsa ta ci. Takardar da ta zo da na'urar ta hana haka ƙarara, amma tana aljihun Arzika, shi kuwa yana rumfar mai shayi yana ba da labarin teku.

Ta ukun, Tumba, mai sayar da kifi ce. Ita ba wanda ya tambaye ta komai.

Ranar kasuwa muka cika jirgi, mutum talatin da wani abu, ga buhunan albasa, ga awaki. Ruwa ya ja baya, lokacin da yashi ya fi mugunta ke nan. Arzika na riƙe da inji, tsoho na zaune kusa da shi. Muna kaiwa tsakiya allo ya haukace. Ya nuna casa'in, ya nuna sifiri, ya koma casa'in, sai ya ɗauke ɗif.

"Nawa ya ce?" in ji Bagudu.

"Baba, bai ce komai ba."

"To, ina muke?"

Aka kashe inji, igiyar ruwa ta ci gaba da jan mu. Wata tsohuwa ta ce mutanen ruwa ne suka ji haushin huda, wani ya ce batir ne, wani ya fara salati. Ni dai na rungume albasata, ban san dalili ba.

Tumba ta dubi hannun Nomau, baƙin kwalta bai gama fita daga faratansa ba. Ta ce, "Yaya, har ƙarfen ka shafa wa kwalta?"

Ya ce, "To, da tsirara zan bar shi?"

Ta ɗaure zani tamau, ta ciji wuƙar gyaran kifinta, ta faɗa ruwa tsundum. Ta nutsa sau uku tana kankarewa. A na ukun allo ya farka: zurfi ƙafa huɗu. Uku da rabi. Uku! Arzika ya daka tsawa, aka fizgo ta ciki, ya tayar da inji ya karya hagu. Shi kaɗai ya san karatun lambobin nan, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana laluben hanya. Muka wuce tudun yashi muna jin gefen jirgi na gogarsa.

Ba mu gama hamdala ba sai ga ruwa na tsartuwa tsakanin ƙafafunmu. Ashe wuƙar Tumba ba kwalta kaɗai ta kankare ba, ta yanko har da audugar. Nomau ya yage rigarsa, ya kwanta rub da ciki a cikin ruwan, yana cusa tsumma da bakin cokali, ya danne da ƙirjinsa. Bai ɗaga ba sai da muka taɓa gaɓa.

Da muka dawo gida Bagudu ya kira mu dattawa mu raba gardama. Wallahi mun kasa. Arzika ya kawo idon, kuma shi ya karanta shi, amma ya bar takarda a aljihu. Nomau ya dasa idon, ya riƙe jirgi da ƙirjinsa, amma shi ya makantar da shi. Tumba ta buɗe idon, ta sa ranta a ruwa, amma ita ta jawo mana ɓarakar da ta kusa cinye mu. Duk wanda na ɗaga wa hannu, sai in tuna laifinsa. Duk wanda na kama da laifi, sai in tuna ba don shi ba da kifi ya ci ni.

Yau wata biyar ke nan jirgin na ɗaure a mashigi. Tsoho ya ce ba zai saɓa maganarsa ba, kuma ba zai zalunci ko ɗaya cikin 'ya'yansa ba. Kullum sai a kai shi bakin ruwa ya zauna yana shafa katakon, ido ya tafi gaba ɗaya.

To, ku da kuke da ido, ku faɗa mini in je in gaya masa: Arzika, Nomau ko Tumba, wa ya sa wa jirgin Bagudu ido?