Hannun Jari, Hannun Jarirai

An yi wani mutum da ya shekara talatin da biyu yana gyaran kekunan ɗinki a wata masana'antar tufafi. Bencinsa yana can ƙarshen zauren, kusa da taga. A kai akwai butar man keke, da filaya, da gwangwanin madara cike da ƙananan notuna. Idan keke ya fara tsallake zare, daga jin ƙararsa yake gane ciwonsa. Ba ya makara, ba ya shan taba, jam'i ba ya wuce shi. Da za a ce a nuna mutumin kirki a wurin nan, shi za a fara nunawa.

Tun yana sabon ɗauka, wani dattijo da ke shirin ajiye aiki ya zaunar da shi ya ba shi shawara. Ya ce kowane wata ya yanki wani abu daga albashinsa ya sayi hannun jari, wato ɗan kaso a cikin mallakar kamfani. Ba kowane kamfani ba, sai waɗanda suka daɗe suka kafu, masu yin abin da mutane ba sa rabuwa da shi, irin su sabulu da siminti da magani. Saura kuma ya zuba a asusun jari mai taka tsantsan, wanda ba ya alkawarin ninki a wata guda. Ya saya ya kau da kai, sai shekaru sun taru.

Ya 'yan uwa, shawarar nan ba ta da aibi. Mutumin ya tambayi malamai, suka ce muddin kamfanin ba ya sana'ar haram, halas ne. Ya bi ta sau da ƙafa. Idan an raba ribar shekara, sai ya mayar da ita ciki. Sau biyu kasuwa ta faɗi, mutane suka firgita suka sayar a wulaƙance, shi ko gezau. Abokan aikinsa da suka bi masu ihun ninki suka koma suna cizon yatsa. Nasa kuwa yana ta hawa a hankali, ba hayaniya.

To, ta ina laifin ya shigo? Ta ƙofar lissafi. Mutumin ya gano cewa ɗan abin da aka bari shekara ashirin yana zama abu mai yawa. Daga nan ya daina ganin farashin kaya yadda yake. Idan matarsa ta ce katifa ta lotse, ba kuɗin katifa yake gani ba. Abin da kuɗin zai zama nan da shekara ashirin yake gani, sai ya ji kamar an ce ya sayi katifa da kuɗin mota. Sai ya ce babu.

Babu a gida, babu a wurin aiki. Har abokan aiki suka laƙaba masa Malam Babu, suna tsokanarsa cewa takalminsa ya girmi injin bayar da wutar masana'antar. Yana murmushi ya ci gaba da ɗaure noti. Ba wanda ya san yana da wani abu, har matar da suke kwana ɗaki ɗaya. Wasiƙun kamfanin da ke kula da jarinsa a wurin aiki yake karɓarsu, ya karanta, ya yayyaga. Ga hannun jari, ga hannun jarirai, a dunƙule.

Zakka kuwa ya yi wa kansa fatawa. Ya ce ai kuɗin ba a hannunsa suke ba, rubutu ne a takarda. Mutumin da ya taka har wurin malamai ya tambayi halasci, bai koma ya tambayi wannan ba. Ya san amsar da zai ji.

'Yarsu ɗaya ce. Ta ci jarrabawar shiga makarantar koyon aikin ungozoma, takarda ta zo. Ya duba, ya ce wannan karatun 'ya'yan masu shi ne. Ta yi kuka ta share hawaye, ta kama aiki a shagon sayar da tangaran, daga baya ta auri wani direba suka tare a wata unguwa.

Matar tana ɗinkin kayan makaranta a gida, da wani keke da ya harhaɗa mata daga tarkacen wurin aiki. Wata shekara ta fara bugun bakin ƙofa da kafaɗa. Ta fara zuba shayi a gefen kofi. Da aka je asibiti, likita ya ce hawan jinin ido ne, ya riga ya ci gefe, saura tsakiya. Ya ce a yi aiki cikin 'yan watanni, domin jijiyar ido in ta mutu ba ta dawowa. Ya rubuta musu abin da za a kashe.

A hanyar dawowa ta tambaye shi yadda za a yi. Ya ce ita ma ta san halin da ake ciki, amma Allah zai kawo mafita. Ƙaninta ya ji labari, ya sayar da babur ɗinsa, ya kawo rabin kuɗin ya damƙa wa mijin yayarsa. Mutumin ya yi godiya, ya ce zai adana har ya cika sauran.

A watan nan kasuwa ta yi ƙasa, jarin kamfanonin kirki ya yi araha irin wadda ba a cika gani ba. Ya kwana biyu da kuɗin a aljihu. A rana ta uku ya zuba su. Ya ce wa ransa nan da wata shida rabin nan zai zama cikakke, a yi aiki ba tare da an taɓa uwar kuɗi ba. Kuma lissafinsa bai yi ƙarya ba, jarin ya tashi. Da ya tashi, sai ya ga ai yanzu ya fara tashi. Ya ce a ƙara wata uku. Ku kun san abin da Bahaushe ya ce game da a bari ya huce.

Duk sanda ta yi maganar, sai ya ce saura kaɗan. Ya roƙe ta kada ta kai kuka wurin dangi, kada a ce ya gaza. Ta rufa masa asiri. Ranar da aka koma asibiti, likita ya haska idon dama, ya haska na hagu, ya kashe fitilar. Ya tambaye su inda suka tsaya. Ya ce jijiyar ta riga ta mutu. Kuɗin babur kuwa, mutumin ya ce sun tafi a magani, ƙanin bai bi ba'asi ba.

Aka rufe keken ɗinkin da tsohon zane. Ta koyi ɗakin da tafin hannu. Ba ta taɓa zarginsa ba. Takan ce wa masu zuwa jaje Malam ya yi iya ƙoƙarinsa, talauci ne ba shi da kunya.

Bayan shekara biyar, wata safiya yana sunkuye kan keke, filaya ta suɓuce daga hannunsa. Ya bi ta zuwa ƙasa. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshe ya karye. Hankalinsa garau, yana jin komai, amma in ya buɗe baki sai gurnani. Asibiti suka ce in an dage da gashin jiki da magani mai tsada, akwai fatan magana ta dawo. 'Yar da mijinta suka haɗa abin da suke da shi, ya yi sati uku ya ƙare. Aka dawo da shi gida, aka kwantar a kan lotsattsiyar katifar nan.

Yanzu fa yana son ya faɗa. Yana son a je a ciro, duka ma in an so. Yana ɗaga hannun hagu yana nuni, yana zana abu a iska. Wa zai gani? Wadda take zaune da shi wuni guda ba ta gani. Sai ta ji motsinsa ta ce, ruwa? Ta laluba ta kawo kofi. In 'yar ta zo, ta sa masa biro a hannu, abin da ke fita kamar tafiyar tsutsa. Ta ninke takardar ta ce, sannu Baba, Allah ya ba ka lafiya.

Shekara huɗu a haka. Abin da ya rage masa a duniya shi ne muryar matar nan. Tana ba shi abinci da lalube tana ba shi labarin maƙwabta, tana tuna masa zamanin da, wani lokaci har ta yi masa ba'a ta yi dariya ita kaɗai.

Can kuwa wasiƙu suna zuwa masana'anta ana mayarwa. Da abin ya yi yawa, kamfanin ya tura wani ma'aikacinsu ya nemo mai asusun. Maigadin masana'antar ya kwatanta masa gidan. Ya iso da hantsi, jaka a hannu, ya tarar da 'yar ta zo wanki, matar tana riƙe da cokali. Ya gabatar da kansa, ya dubi majinyacin ya tambaye shi ko ya yarda a yi bayani a gabansu. Mutumin ya riƙa gyaɗa kai da ƙarfi, hawaye na zuba. Ranar da yake jira ke nan.

Ma'aikacin ya buɗe fayil ya karanta adadin. 'Yar ta zauna a ƙasa da kumfa a hannunta. Matar ta juya fuskarta wajen da muryar take. Ta ambaci shekarar da aka ce a yi mata aiki, da watan.

"Ɗan nan, duba mini. A lokacin akwai wani abu a ciki?"

Shi bai san dawan garin ba. Ya buɗe shafi ya ce, "Akwai sosai, Mama. Ribar wannan shekarar kaɗai ma ba ƙarama ba ce."

"A watan nan, an cire ne, ko an ƙara?"

Ya bi layin da yatsa. "An ƙara, Mama. Da ɗan yawa ma."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta laluba kwanon ta ƙarasa ba shi abincin, ta goge masa baki. Sannan ta ce, "Malam, da ka ce ba za ka bayar ba, da na yi bara a titi. Cewa ka yi babu."

Ita ce magana ta ƙarshe da ta yi masa. Ba ta bar gidan ba. Ta ci gaba da wanke shi, da juya shi, da ba shi abinci a kan lokaci. Da 'yar ta roƙe ta, sai ta ce ba gaba take yi ba, in ta buɗe baki ne ba ta samun abin faɗa.

Kuɗin ba sa fita sai da sa hannunsa, hannun kuwa ya mutu. Sai kotu ta ba 'yar izini, aka ce wata bakwai. Ya rasu a na biyar, a ɗakin da ba mai magana. Ko sisi bai ci ba. Da kuɗin suka fito, aka fitar da zakkar shekarun da ya danne, aka saya wa ƙanin babur. 'Yar ta kai uwarta wurin likitocin ido uku, duka suka faɗi abu ɗaya.

Ya 'yan uwa, kada wani ya tashi daga nan ya ce an hana tanadi. Tanadi hankali ne, haƙuri da halas ya fi gaggawar haram. Mutumin nan bai yi caca ba, bai ci kuɗin ruwa ba, bai zaɓi kamfanin banza ba. A lissafin kasuwa bai taɓa faɗuwa ba. Amma don wa ake tarawa? Ciyar da iyali da maganinsu wajibi ne na yau, ba a kai shi gobe don jari ya ƙara kauri. Zakka haƙƙin wasu ce, ko a takarda dukiyar take. Amana kuma ba a juya ta, komai kyan kasuwa. Ka tara, amma iyalinka su san abin da ka tara da inda yake. Kai da kake shirin shekara ashirin, wa ya ba ka tabbacin harshenka zai kai la'asar?

Allah ya kiyaye mu daga rowar da ke shigar hankali. Ya ba mu halas, ya buɗe hannunmu a kanta tun muna iya buɗewa. Allah ya sa kada mu ce babu alhali akwai. Amin.