Gilashin da Sabo Dal Ya Ƙi Saukewa

Akwai wani ma'aikacin ofis da 'yan'uwansa ke kira Sabo Dal, amma a bayan idonsa. Bakinsa ne ya jawo masa sunan. Duk abin da ya saya, ko cokali ne, sai kowa ya ji cewa shi ya fara yage ledarsa. Kayan hannu kuwa, a ganinsa, na matattun zuciya ne.

Wanda ya fi shan wannan baki shi ne ƙaninsa Auta, malamin makaranta mai wata tsohuwar mota. Da ta shigo layin sai Sabo Dal ya taɓe baki.

"Ga akwala ta iso. Auta, wai mutum nawa suka gaji da ita kafin ta faɗo hannunka?"

"Tana dai kai ni, Yaya."

"Jaki ma ai yana kai mutum."

Ana tsakiyar zafi esin motar Sabo Dal ya daina sanyi. Mai gyara ya buɗe gaban motar, ya kasa kunne, ya ce kwampireso ne ya ci kansa, wato injin da ke tura gas ɗin sanyi. Sabon kwampireso kuwa sai an yi oda, kuma zai ɗauki lokaci. Ga shi washegari za su kai mahaifiyarsu duba yayanta da ke jinya a wani gari. Sabo Dal ya riga ya cika baki a gaban kowa cewa Mama, da hawan jininta, ba za ta shiga tandar Auta ba tana da ɗa irinsa.

"Akwai na kwance," in ji mai gyara. "Daga motar da ta yi haɗari aka ciro shi, lafiyarsa ƙalau. Sai dai in wanke bututun esin gaba ɗaya tukuna. Tsohon ya bar garin ƙarfe a ciki, in ya shiga wannan zai kashe shi. Aikin yini ne."

Sabo Dal ya dubi titi. Garejin a bakin hanya yake, hanyar da abokan aikinsa ke bi. Motarsa ta yini a nan, baki buɗe, a tsakiyar tarkacen kwance?

"Bar wankin cikin nan. Wa zai leƙa bututu? Goge na kwancen da fetur, ka fesa masa fenti ruwan azurfa."

"Ranka ya daɗe, fenti ba ya kawo sanyi."

"Shawara na zo nema?"

Mai gyara ya ɗaga kafaɗa, ya ɗauko gwangwanin fenti. Mutumin da ba shi da lokacin wankin bututu ya tsaya da haƙuri har fenti ya bushe.

Da yamma ya tara mutanen gida ya buɗe musu gaban mota. "Daga kwali," ya ce, yana nuna abin da ke ƙyalli. "Ni ba na sa wa motata ragowar wasu."

Da safe suka ɗauki hanya, Mama a kujerar baya, Auta na biye da su a tasa motar. Sanyi kamar cikin firji. Sabo Dal ya ƙure esin, ya danna makullin gilasai kamar yadda ya saba, don kada wani ya shigo masa da ƙura.

Rana na tsaka suka faɗa cunkoso a wata gada da ake gyarawa. Nan ya ji wata ƙara daga gaban motar, ƙar-ƙar-ƙar, sai shiru. Iskar ta koma ɗumi, daga ɗumi ta koma huci. Ya san abin da ya faru, ba sai an gaya masa ba.

Ya waiga. Motar Auta ta matso layin da ke gefensu, gilasai duk a sauke, Auta ya ɗora gwiwar hannu a taga. In ya sauke nasa yanzu, tambaya ɗaya ce za ta biyo baya: wane irin sabo ne ke mutuwa kwana ɗaya da fitowa daga kwali?

"Babba," in ji Mama, don haka take kiransa, "anya sanyin nan bai gudu ba?"

"Hutawa yake yi, Mama. Haka na zamani suke, su ɗauke su dawo."

Ta danna maɓallin gefenta, gilashi bai motsa ba.

"Sauke min ko kaɗan ne. Kaina na juyawa."

"Hayaƙin manyan motoci ne a waje. Yanzu zai dawo."

Ya ƙara ƙarfin fanka, ta ci gaba da hura musu wuta. Gumi ya jiƙa masa kwalar riga, amma da suka haɗa ido da Auta sai ya yi masa murmushin mai jin daɗi. Da Mama ta yi shiru, har hamdala ya yi a ransa, wai ta samu barci.

Dukan gilashi ne ya ankarar da shi. Auta ne a tsaye a kan titi, yana bugawa da tafin hannu.

"Yaya, buɗe! Ba ka ga Mama ba?"

Kanta ya langaɓe a jikin ƙofa, bakinta a buɗe. Aka buɗe ƙofa, nan da nan mutane suka taru. Wata mai sayar da ruwa ta yayyafa mata a fuska, wani ya yago kwali yana yi mata fifita. Wani direban bas ya zura hannu cikin motar ya janye da sauri.

"Subhanallahi! Malam, tsohuwa ka ɗauko ko burodi kake gasawa?"

Da kyar Mama ta buɗe ido. Sabo Dal ya durƙusa a gabanta, kuma ko a lokacin abin da ya fara fitowa daga bakinsa shi ne, "Wallahi kamfanin ne suka cuce ni, Mama, sabo ne fa..."

Ta dube shi.

"Iska na roƙe ka, Babba. Ita ma ta kamfani ce?"

Ta miƙa wa Auta hannu, ya tallafe ta zuwa motarsa.

Daga baya sabon kwampireson ya iso, na kwali na gaske, aka wanke bututu aka ɗaura. Motar ta dawo da sanyinta har ta fi da. Amma duk ranar da ya zo kai Mama asibiti, daga kan tabarmarta take amsa masa.

"Je ka abinka, Allah ya yi albarka. Ƙaninka na hanya."

Darasi: Kayan hannu ba abin kunya ba ne. Abin kunya shi ne mutum ya gyara inda ido ke gani ya bar inda aiki yake, sannan ya sa lafiyar nasa a haɗari don kare ƙaryarsa. In abu ya lalace, faɗi gaskiya tun da wuri, kuma ka daina raina abin hannun ɗan'uwanka. Ku tura wa wasu su ma su karanta.